Tsalle Ɗaya Ake Faɗawa Rijiya: Inda Aka Kwana Tsakanin ECOWAS da Nijar Bayan Janye Takunkumi

Ranar 24 ga Fabrairun 2024 shugabannin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka tashi daga taron gaggawa a Abuja, shugaban hukumar gudanarwar ƙungiyar, Omar Alieu Touray, ya sanar da cewa an janye nan take takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Direbobin da motocinsu suka yi wata bakwai jibge a Illela da Jibiya da Malanville suka ɗauka washegari za su tayar da inji. Najeriya ba ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren iyakar ba sai 13 ga Maris. Nijar ta buɗe nata ranar 22 ga watan. Gadar da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin kuwa, har juyin mulkin ya cika shekara biyu tana toshe daga ɓangaren Nijar.

Wannan tazara da ke tsakanin sanarwa da abin da ke faruwa a bakin boda ita ce ke bayyana halin da ake ciki. A zama ɗaya aka sa takunkumin, ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan dogarawan fadar shugaban ƙasa sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Da aka zo kwancewa sai ya bayyana cewa makullan ba a hannu ɗaya suke ba. Na iyaka yana wurin kowace gwamnati, na kuɗi yana Dakar, na wuta yana wurin kamfanonin lantarkin Najeriya, na tashar jiragen ruwa yana Kwatano, babban makulli kuma, wato yarda, ya riga ya faɗa rijiya.

Me aka rufe, wa ya rufe

Matakan Yulin 2023 sun haɗa da rufe iyakokin ƙasa da na sama, hana jiragen fasinja shiga ko fita, dakatar da duk wata hulɗar ciniki da ta kuɗi, yanke wutar lantarki, riƙe dukiyar gwamnatin Nijar da ta kamfanoninta a babban banki da bankunan kasuwanci, dakatar da rance daga bankunan raya ƙasa na yankin, EBID da BOAD, sai hana jagororin sojan tafiye-tafiye. A kan wannan aka ɗora wa'adin mako guda a maido da Bazoum, in ba haka ba ana iya amfani da ƙarfi. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana.

Duk wanda ya kwatanta wannan da abin da aka yi wa Mali zai ga inda aka yi tuya aka manta da albasa. Takunkumin da aka sa wa Mali a Accra ranar 9 ga Janairun 2022 ya bar ƙofa a buɗe ga abinci da magani da man fetur da lantarki. Na Nijar bai keɓe komai ba. Ƙasar da ba ta da teku, wadda mafi yawan kayanta ke shigowa ta Kwatano, wadda kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga Najeriya yake zuwa, aka rufe mata duka a rana ɗaya, a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. An yi lissafin cewa zafin zai sa sojoji su sauko cikin makonni. Abin da ya faru shi ne talakan Yamai da na Maraɗi ya ɗora laifin tsadar shinkafa da rashin magani a kan ECOWAS, sojojin kuma suka samu goyon bayan da ba su da shi a daren juyin mulki.

Ta fuskar doka ma an bar kafar da masu mulkin Yamai suka yi ta shiga. Yarjejeniyar dimokuraɗiyya da shugabanci nagari ta 2001, a sashe na 45, ta ambaci hukunce-hukunce irin su ƙin mara wa 'yan takarar ƙasa baya a ƙungiyoyin duniya, ƙin yin taro a ƙasar, da dakatar da ita daga zaurukan yanke shawara. ECOWAS ta dogara da ƙarin dokar 2012 wadda ta faɗaɗa nau'o'in takunkumi. Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce toshe wa ƙasar da ba ta da teku hanyar shigo da kaya ya saɓa wa dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982. Da gwamnatin sojan ta kai ƙara kotun ECOWAS, ranar 7 ga Disambar 2023 kotun ta ƙi sauraron buƙatarta bisa hujjar cewa gwamnatin da ta zo ta haramtacciyar hanya ba ta da hurumin shigar da ƙara da sunan ƙasa. Bayan mako guda kotun ta ba da umarnin a saki Bazoum a maido shi kan kujera. Hukuncin farko ya rufe wa sojojin ƙofar shari'a, na biyun kuma babu mai ikon aiwatar da shi.

Barazanar yaƙin a cikin gida ta fara mutuwa. Majalisar Dattawan Najeriya ta nuna rashin amincewa tun 5 ga Agusta, sanatocin Arewa suka tsaya kai da fata, domin jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, tsawon kusan kilomita 1,500. Tawagar farko ta Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ta koma daga Yamai ba ta ga jagoran sojojin, Janar Tiani, ba. Daga Najeriya, waɗanda suka fara ganinsa su ne Muhammadu Sanusi na II, da ya shiga tare da Sarkin Damagaram, sai tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Tun daga nan ya kamata a gane cewa hanyar da ke aiki tsakanin Abuja da Yamai ta sarauta ce da malanta da kasuwanci, kuma takunkumin ita ya fi yi wa illa.

An janye ba tare da an karɓi komai ba

A al'adar diflomasiyya, takunkumi jari ne da ake sayar da shi kaɗan-kaɗan. A sassauta wannan, a karɓi wancan. Haka aka yi da Mali: sai da Bamako ta fitar da dokar zaɓe da jadawalin wata 24 kafin a janye mata ranar 3 ga Yulin 2022. Jadawalin bai cika ba daga baya, amma dai an karɓi wani abu a rubuce. Taron Disambar 2023 ya so bin wannan hanya da Nijar, ya kafa kwamitin shugabannin Togo da Saliyo da Benin, ya ce sassauci zai biyo bayan gajeren jadawalin miƙa mulki da sakin Bazoum.

Sai ga 28 ga Janairun 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ƙungiyar gaba ɗaya. Reshe ya juye da mujiya. Ƙungiyar da ke gindaya sharuɗɗa ta koma mai lallashi, tsohon shugaban Najeriya Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, ya fito ya roƙi a janye takunkumin, aka janye bisa dalilan jinƙai, ana ambaton gabatowar azumin Ramadan da na Kirista. Bazoum yana tsare, babu jadawalin zaɓe. Abin da ya rage shi ne dakatarwa daga zaurukan ƙungiyar, wanda ba ya tsorata wanda ya riga ya ce ya fita. A Maris ɗin 2025 Tiani ya yi rantsuwar kama mulki na shekara biyar ƙarƙashin sabon kundin sake gina ƙasa, wanda ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Kuɗi, wuta, hanya

Ɓangaren kuɗi ne ya fi saurin dawowa, dalili kuwa shi ne ba ECOWAS ke riƙe da shi ba. Asusun baitulmalin Nijar yana babban bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar, wanda ke ƙarƙashin ƙungiyar masu amfani da kuɗin sefa, UEMOA. Da aka rufe asusun, gwamnati ta kasa biyan masu riƙe da takardun bashinta a kasuwar yankin, bashin da ya wuce lokacin biya ya haura sefa biliyan 300 kafin Fabrairun 2024. A Oktoban 2023 ta zabge kasafin kuɗinta da kashi 40 cikin ɗari, daga sefa tiriliyan 3.29 zuwa 1.98. Bayan janye takunkumin, matakan a jere suke: a buɗe asusu, a zauna da bankunan da ke bin bashi a sake tsara lokacin biya, sannan a koma kasuwa neman sabon rance. Nijar ta koma a Afrilun 2024, a watan ne kuma ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin man Sin, CNPC, a matsayin kuɗin gaba kan ɗanyen man da za ta sayar, da ruwan kashi 7 cikin ɗari. Wanda ya taɓa kasa biya, ko da ba laifinsa ba ne, rancensa na gaba ya fi tsada, kuma bankunan Abidjan da Lome da suka ga kuɗinsu ya maƙale wata takwas ba su manta ba.

Wuta ta dawo a Maris ɗin 2024 ta layin nan mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Birnin Kebbi ya bi ta Dosso zuwa Yamai. A nan ɓarnar ta fi zurfi fiye da watannin duhun da aka yi. Tsohuwar fahimtar da ke tsakanin ƙasashen biyu ita ce Najeriya ta riƙa ba Nijar wuta daga madatsar Kainji, ita kuma Nijar kada ta tare ruwan kogin Kwara daga sama. Shekaru kusan hamsin ba a taɓa yanke wutar don siyasa ba. Da aka yanke sau ɗaya, kowane injiniyan kamfanin lantarkin Nijar, NIGELEC, ya san za a iya sake yankewa. Shi ya sa aka hanzarta kunna tashar hasken rana mai megawat 30 a Gorou Banda, aka ƙara dogaro da injinan dizal masu tsadar gudanarwa, aka kuma ƙara ɗora buri kan madatsar Kandadji mai megawat 130, wadda in ta kammala, yawan ruwan da ke isa Kainji da Jebba zai zama abin tattaunawa tsakanin gwamnatocin biyu. Babban layin kilobolt 330 da ake ginawa daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanville, aikin hukumar haɗakar lantarki ce ta ECOWAS, ga shi biyu daga cikin ƙasashe huɗun da zai ratsa sun fice.

Hanya ce ta fi ba da wahala. Benin ta ɗage haramcin wucewar kayan Nijar ta tashar Kwatano tun ƙarshen Disambar 2023, ta buɗe nata ɓangaren gadar bayan Fabrairu, amma Yamai ta ƙi, tana zargin cewa akwai sansanonin Faransa a arewacin Benin, zargin da Kwatano ke musantawa. Ga yadda abin ya kasance a zahiri. Motar fasinja ta taso daga Kwatano ta sauke mutane a Malanville. A ɗora su da kayansu a kwale-kwale, a tsallaka kogin, a hau babur ko adaidaita zuwa tashar Gaya, a shiga wata motar kamfani ɗaya a ci gaba zuwa Yamai. Buhun masara ko jarkar man girki sai an sauke an loda sau biyu, kowane ɗauka da kuɗinsa, ga na masu jirgi, ga na jami'an da ke bakin ruwa. Manyan kwantenoni ba sa shiga kwale-kwale, don haka suka koma Lome, su hau ta Cinkassé su shiga Burkina Faso, su bi ta Kaya da Dori zuwa Tera. Hanyar Kwatano kusan kilomita dubu ce, mota na cinye ta cikin 'yan kwanaki. Ta Burkina ta fi tsawo, kuma ta ratsa yankin masu tayar da ƙayar baya, sai an tara ɗaruruwan motoci an jira rakiyar sojoji, jiran da kan ɗauki makonni. Kuɗin zaman kwantena, abincin direba da yaran mota, haɗarin ƙona mota a hanya, duk a kan farashin buhun shinkafa a kasuwar Yamai suke sauka.

Rikicin ya kai ga bututun mai mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Sèmè a gaɓar tekun Benin, wanda aka gina don fitar da ganga 90,000 a rana. A Mayun 2024 Shugaba Patrice Talon na Benin ya hana loda man, yana cewa sai Nijar ta buɗe iyakarta. Sin ce ta shiga tsakani jirgin farko ya yi lodi. A Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar, Yamai ta rufe famfo, sai da tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka je Yamai kafin ƙura ta lafa. Abin lura shi ne a duk wannan dambarwa babu inda ECOWAS ta zama mai sasantawa, alhali ita ta ba da umarnin rufewar tun farko.

Saki ya tabbata, ba a raba kaya ba

Sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS da aka sabunta a 1993 ya ce ƙasar da ke son fita za ta ba da sanarwa a rubuce, ta jira shekara guda, tana ci gaba da cika alƙawuranta. Ƙasashen uku sun ce fitarsu nan take ce, ƙungiyar ta ce sai shekara ta cika. A tsakani suka mayar da ƙawancen tsaron da suka ƙulla ranar 16 ga Satumbar 2023 zuwa tarayyar ƙasashen Sahel, AES, a taron Yamai na 6 ga Yulin 2024. An naɗa Bassirou Diomaye Faye na Senegal da Faure Gnassingbé na Togo su shawo kansu, bai yiwu ba. Ranar 29 ga Janairun 2025 fitar ta tabbata, mambobi suka koma 12 daga 15, fiye da rabin faɗin ƙasar ƙungiyar ya tafi. An bar ƙofa a buɗe na ƙarin wata shida zuwa 29 ga Yuli, babu wanda ya waiwayo.

Yanzu a duba a kan me zirga-zirgar yau da kullum ta dogara. A ranar fitar, ECOWAS ta fitar da sanarwa tana umartar mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga ba biza, su ci gaba da yi wa kayansu rangwamen haraji, har sai an sanar da wani abu daban. Tun Disambar 2024 su ma shugabannin AES sun ce 'yan ECOWAS na iya shiga ƙasashensu ba biza, amma kowace ƙasa na da ikon hana wanda ba ta so. Dukkansu sanarwa ce ta ɓangare ɗaya. Babu majalisar da ta amince da su, babu kotun da za a kai ƙara in an saɓa, kuma wanda ya bayar yana iya janyewa da takarda guda.

Ɗauki tirelar albasa da ta yi lodi a Galmi za ta shiga Najeriya ta Ƙonni da Illela. Direban yana buƙatar takardar shaidar kansa, kuma yarjejeniyar 1979 ce ta ba shi kwana 90 ba biza. Motar tana buƙatar inshorar da ke aiki a ƙasashen biyu, wato katin nan ruwan ƙasa na ECOWAS da aka kafa a 1982, wanda in ya buge wani a Sakkwato ofishin inshorar Najeriya zai biya sannan ya bi takwaransa na Yamai. Albasar kanta, da yake amfanin gona ce, tana shiga ba harajin kwastan ƙarƙashin tsarin sassauta ciniki na ƙungiyar, ba a ma neman takardar shaidar asali ga kayan gona da dabbobi da sana'ar hannu. In motar za ta koma da siminti ko taliya ko robobin Kano, kayan masana'anta ne, sai kamfanin ya samu rajista a tsarin, ya nuna cewa kashi 60 cikin ɗari na kayan haɗin na yankin ne ko kuma an ƙara darajar kashi 30. Ranar da rangwamen ya faɗi, kayan kowane ɓangare za su iya faɗawa jadawalin harajin waje mai hawa biyar, 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari. Makiyayin da ke gangarowa da shanu daga Tawa zuwa Kebbi da rani, shi kuma takardarsa ta ƙetare iyaka da dabbobi ta samo asali ne daga shawarar ECOWAS ta 1998. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan takardu tana buƙatar sabuwar yarjejeniya.

Akwai abin da masu sharhi da yawa ke tsallakewa. Ƙasashen uku ba su fita daga UEMOA ba, suna nan da sefa. Yarjejeniyar UEMOA da kanta ta tanadi 'yancin zirga-zirga da haɗakar kwastan tsakanin mambobinta takwas, don haka ɗan Mali a Abidjan ko ɗan Nijar a Lome yana da wata dokar da zai jingina da ita. Waɗanda suka rage ba madogara su ne iyakokin da ke tsakanin AES da ƙasashen da ba sa amfani da sefa, manya daga ciki su ne Najeriya da Nijar, sai Ghana da Burkina Faso. Wato fataken Kano da Katsina da Maraɗi, da dillalan albasa da shanu na zangunan Kumasi da Accra, su ne a tsakiyar hatsarin. Ba mamaki John Mahama na hawa mulki a Janairun 2025 ya naɗa wakili na musamman kan AES, a Maris kuma ya zagaya Bamako da Yamai da Wagadugu da kansa. Ita ma UEMOA ɗin ba lafiya lau take ba, domin a Yulin 2025 ministocin kuɗin ƙasashen uku sun fice daga taron Lome kan taƙaddamar ba Burkina Faso shugabancin majalisar ministoci. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda a Yamai aka ƙaddamar da ita a Yulin 2019, ba ta cike giɓin kai tsaye ba, saboda ECOWAS ce ta miƙa jadawalin rage haraji a madadin mambobinta a dunƙule.

Sauran kayan da za a raba suna da yawa. Akwai harajin kashi 0.5 cikin ɗari da kowace ƙasa ke karɓa kan kayan waje tana tura wa ECOWAS, wanda shi ne ƙashin bayan kasafinta. A ƙarshen Maris ɗin 2025 AES ta kafa nata harajin a daidai wannan adadi don gudanar da tarayyarta. Akwai hannun jarin ƙasashen uku a bankin EBID da basussukan ayyukan da bankin ya ba su. Akwai ma'aikata 'yan ƙasashen da ke aiki a Abuja da haƙƙoƙinsu na sallama. Akwai hukumomin da dole a kwashe, irin su hukumar lafiya ta yankin da ke Bobo-Dioulasso da cibiyar lafiyar dabbobi ta Bamako. Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin kuɗi: ɗan Nijar ya rasa damar kai gwamnatinsa ƙara kotun ECOWAS, kotun da a 2008 ta ba Hadijatou Mani gaskiya, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya ta sefa miliyan 10 saboda gaza kare ta daga bauta.

Zaman farko na ƙeƙe-da-ƙeƙe tsakanin ɓangarorin biyu an yi shi ne a Bamako ranar 22 ga Mayun 2025, Touray a gefe guda, ministocin harkokin wajen ƙasashen uku a ɗaya gefen. Tsarin zaman ma nasara ce ga AES, domin ta dage cewa a dunƙule za a yi magana da ita, alhali a dokar ECOWAS kowace ƙasa ita kaɗai ta shiga, ita kaɗai ta fita.

Abuja da Yamai

Da yake ƙungiyar ba ta da sauran abin matsa lamba, hulɗar ta koma tsakanin ƙasa da ƙasa, ita ma tafiyar hawainiya take yi. Tun 3 ga Agustan 2023 sojojin suka sallami jakadun Nijar a Najeriya da Togo da Faransa da Amurka. Maido da jakada yana da matakai: ƙasa ta aika suna a asirce, mai karɓa ta amince, jakadan ya miƙa kwafin takardunsa ga ministan harkokin waje, daga ƙarshe ya miƙa na ainihi ga shugaban ƙasa. Wannan mataki na ƙarshe amincewa ce da halascin wanda ke kan kujera, shi ya sa ƙasashe kan bar ofishi a hannun muƙaddashi su tsaya a nan na tsawon lokaci.

A Agustan 2024 babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai aka sa hannu kan fahimtar juna ta tsaro. Wata huɗu bayan haka, ranar 25 ga Disamba, Tiani ya yi hira da Hausa a gidan talabijin na ƙasa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa don hargitsa Nijar, Abuja ta musanta. Zaɓen harshen ba banza ba ne, da mutanen Sakkwato da Kano yake magana kai tsaye, ya tsallake gwamnatinsu. A Maris ɗin 2025 Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. A watan ne kuma ƙarancin fetur ya kama ta, domin matatar SORAZ ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana ba ta isar ƙasar, man sumoga da ke cike giɓin kuma ya ja baya tun da aka cire tallafi a Najeriya a 2023. Sai Nijar ta waiwayi Abuja neman ɗauki. A Afrilu ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya je Yamai, aka koma maganar farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa tun 1971, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, da bututun gas da zai ratsa Sahara zuwa Aljeriya.

Wannan hukuma ta 1971 ta girmi ECOWAS, kuma a ganina ita ce mafi kusa da za a iya ɗora yarjejeniyar zirga-zirga da ciniki a kanta kafin manyan ƙungiyoyin su gama nasu. Sai dai kada a ɗauka takarda kaɗai ta wadatar. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 tana cikakkiyar mamba, 'yan kasuwar Maraɗi ba su manta ba. Nijar ita ma a Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso, gab da babbar sallar 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi, masu neman ragon layya a Arewa suka ji a aljihu. Yarjejeniyar da za ta yi amfani sai ta faɗi kwana nawa za a ba da sanarwa kafin rufe iyaka, waɗanne kaya ne ba za a taɓa hana wucewarsu ba, da kuma wa za a kai wa kuka.

Misalin da ake da shi a tarihin ƙungiyar shi ne Mauritaniya. Ta ba da sanarwa a Disambar 1999, ta fita a ƙarshen 2000, ba a sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance da ta maido da cinikin rangwame tsakaninta da ECOWAS ba sai 2017. Shekara goma sha bakwai ke nan, ga ƙasar da ke da tekunta da tashar jiragenta da kuɗinta, wadda kuma ta fita ba tare da an yi mata barazanar yaƙi ba. Nijar ba ta da teku, kuma duk ranar Alhamis shanu da raƙuma da awakinta suna tsallakowa kasuwar Maigatari bisa sanarwar 29 ga Janairun 2025, wadda ba ta da ranar ƙarewa, ba ta kuma da sa hannun ɓangare na biyu.